Fim ɗin faɗa ya shigo gida, shef bandi ya iya Hausa

Ba a taɓa gina gidan silima a Babankatami ba. Amma duk wanda ya zauna da samarin wannan ƙaramar hukuma ta gundumar Buza, ko na Keita, ko na Madawa, ya ja su da hira a kan fim, zai tarar sun fi ɗan birnin Yamai na shekarun 1970 ganin harbi da duka da tseren motoci, nesa ba kusa ba. Shi ɗan birni sai ya jira dare, ya biya kuɗin shiga, ya kalli abin da mai silima ya ga dama ya sa. Su kuwa fim yana cikin aljihunsu, a kan wani ɗan kati da bai kai farcen babban yatsa ba. Yadda aka yi wannan tafiya, daga allon silima zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa tafin hannu, labari ne na fatauci da ci-rani, kuma ya shafi ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati fiye da yadda suke zato.

Tsarabar ɗan ci-rani

Kamar yadda kowa ya sani, Adar ƙasar ci-rani ce. Da an gama girbi, an sa damman hatsi a rumbu, sai majiya ƙarfi su kama hanyar biɗa, kamar yadda ake cewa a can: wasu Abijan, wasu Kwatano ko Lome, wasu Legas da Kano, daga baya kuma Libiya da Aljeriya. Kowane zamani da tsarabarsa. An yi zamanin agogo da keke, aka yi na rediyo mai kaset. Na'urar bidiyo samfurin VHS, wadda kamfanin JVC na Japan ya fitar a 1976, ta daɗe a hanya kafin ta iso mana. Ta fara sauka a gidajen alhazai da manyan ma'aikata, ana lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura, sa'an nan ta gangaro zuwa garuruwan da ke bakin babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, irin su Ƙonni da Madawa, daga nan ta bi hanyoyin laterit ta shiga kwarin Majiya da duwatsun Keita.

Tsofaffin ƴan kasuwa za su tuna wata matsala da ta sha ba masu saye haushi a wancan lokaci. Nijar, kamar sauran ƙasashen da Faransa ta mulka, tana kan tsarin launi na SECAM, Najeriya kuwa tana kan PAL. Mutum ya sayo kaset a Sakkwato ko Kano, ya zo gida ya tara iyali, ya sa shi a na'urar da ba ta san wannan tsari ba, sai hoto ya fito baƙi da fari. Ba a daɗe ba fatake suka gane bakin zaren, suka koma shigo da na'urori masu karɓar kowane tsari. Tun daga nan iyakar da Turawa suka shata ta daina aiki a kan kaset.

Wanda ba shi da halin sayen na'ura, sai rumfar bidiyo. Zana ce aka kewaye, da benci huɗu ko biyar, da telbijin a kan tebur, da injin wuta yana ruri a baya ko batirin mota a ƙarƙashin tebur. A bakin ƙofa allo ne da aka rubuta sunan fim da alli, da yaro mai karɓar dala biyar ko dala goma. Da rana karate, da dare Indiya. Abin da wasu masu rumfa ke sawa bayan dare ya raba kuwa, malamai sun yi wa'azi a kansa har sun gaji, ba sai mun maimaita ba.

A cikin waɗannan rumfuna ne Bruce Lee, wanda ya mutu tun 1973, ya sake rayuwa. Nan aka san Rambo, wanda kashinsa na farko ya fito a 1982, da Commando na 1985, da Van Damme, da Chuck Norris, da Jackie Chan. Nan kuma aka san Gabbar Singh, ɗan fashin duwatsu na fim ɗin Sholay na 1975, wanda har gobe ba a yi mugu kamarsa ba a idon waɗanda suka gan shi suna yara. Ba mai jin Ingilishi ko Sinanci ko Indiyanci. Kaset ɗin da ya biyo ta Abijan yakan zo da Faransanci, sai ƴan lakwal su yi ta fankama. Amma a gaskiya ba a bukatar harshe, domin labarin ɗaya ne kullum, mutum biyu ne a cikinsa: akwai akter, akwai shef bandi, wanda ƴan uwanmu na tsallaken iyaka ke kira bos. Doka kuma ɗaya ce, kowane yaro ya haddace ta: akter ba ya mutuwa, shef bandi ba ya kai ƙarshen kaset da ransa. A kowace rumfa akwai wani yaro mai baki da ya riga ya ga fim ɗin sau uku, yana zaune a tsakiya yana fassara wa na kusa da shi abin da bai ji ba, yana ƙara gishiri. Mai karatu ya riƙe wannan yaro a zuciya, za mu sake gamuwa da shi ya girma.

Shi kuwa ma'aikaci, mushe ne ko ɗan duwan ko malamin asibiti, yana raina karate, yana cewa kallon yara ne. Nasa gwanin shi ne Derrick, tsohon sufetan ƴan sandan Jamus mai doguwar kwat, wanda tashoshin telbijin na ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci suka daɗe suna nunawa. An yi kashi 281 na wannan shiri daga 1974 zuwa 1998, kuma a cikinsu da wuya ka ga dattijon ya yi gudu ko ya ɗaga murya. Tambaya kawai yake yi, ya koma ya sake tambaya, har mai laifi ya gaji ya amsa. Ma'aikacin da ke bin gwamnati bashin albashin watanni, kamar yadda aka sha yi a shekarun 1990, yana samun sanyin zuciya ya ga wata ƙasa inda ake buɗe dosiye a kuma rufe ta cikin awa ɗaya. In ka duba da kyau, shi da yaron rumfa abu ɗaya suke nema: an yi zalunci, suna son su ga wanda zai biya.

Rumfar bidiyo da na'urar gida su suka ci gidajen silima. Karyewar darajar sefa a ranar 12 ga Janairun 1994, wadda ta ninka kuɗin duk abin da ake sayowa daga Turai, ta ƙarasa abin da ya rage. Ɗaya bayan ɗaya aka rufe su, a Yamai da sauran manyan garuruwa. Sai a 2017 aka buɗe wani sabo na zamani a Yamai, CanalOlympia, kimanin kilomita 500 daga Madawa. Abin da aka rasa da rufe su ya wuce babban allo. Silima tana da ƙofa ɗaya, da lokaci ɗaya, da mai tsaron ƙofa. Uba ya san inda ɗansa ya tafi, hukuma ta san abin da aka nuna.

Tambayar da aka yi tun 1966

Ko fim ɗin faɗa yana koya wa yara ta'adi? Wannan tambaya ta girmi bidiyo, kuma wanda ya fi kowa iya yin ta ɗan ƙasar nan ne, mazaunin jihar Tawa. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a N'Dounga a 1942, ya zauna shekaru masu yawa a birnin Tawa, inda yake da otel da ɗakin aikinsa na fim, ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. A 1966 ya yi wani fim na kimanin rabin awa mai suna Le Retour d'un aventurier, wato komowar ɗan yawon duniya. Wani saurayi ne, Jimmy, ya dawo daga tafiya da akwati cike da tsaraba ga abokansa: malafa, da takalma, da ɗamara, da bindigogi irin na kaboyi. Suka sa kaya, suka yar da sunayen da iyaye suka raɗa musu suka ɗauki na Amurka, suka hau dawaki, suka addabi gari da sata da duka, dattawa suka rasa yadda za su yi da su. Abin da aka fara da wasa ya ƙare da faɗa a tsakaninsu. Zalika Souley, wadda ta rasu a 2021, ita ce macen ƙungiyar, kuma ta sha tsangwama a rayuwarta saboda mutane sun kasa raba ta da irin matan da take fitowa a matsayinsu.

Tun kafin wannan ma, a fim ɗin Jean Rouch na 1958, Moi, un noir, wanda aka ɗauka a unguwar Treichville ta Abijan a cikin ƴan ci-ranin Nijar, Oumarou Ganda ya fito da sunan Edward G. Robinson, Ba'amurken da ya yi suna da fitowa a matsayin shugaban ƴan ta'adda. Ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, tsohon sojan yaƙin Indocin, ba shi da ko tamma, amma ya ari sunan wanda ake tsoro. Wannan Oumarou Ganda shi ne ya zo ya ci babbar kyautar FESPACO ta farko a 1972. Ke nan aron suna bai mai da shi ɗan fashi ba.

Abin lura a fim ɗin Alassane shi ne bai ɗora laifi a kan silima kaɗai ba. Samarin nasa zaman banza suke yi kafin akwati ya iso. Akwatin ya ba su suna, da tafiya, da salon riƙe bindiga. Rashin aikin yi da raina dattawa kuwa a gida ya tarar da su.

Yaron rumfa ya girma

Sa'ad da Hausawa suka fara yin nasu fim na bidiyo, ba su nufi wajen faɗa ba. Turmin Danya, na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, ya fito a 1990, kuma cikin shekara goma sana'ar ta bunƙasa har Sangaya na 1999 ya cika kasuwannin Maraɗi da Ƙonni da Tawa. Soyayya ce, da kishi, da waƙa da rawa. Dalili a fili yake: masu sayen kaset su kalla a gida yawancinsu mata ne, kuma fim ɗin faɗa yana cin kuɗi, domin motar da za a kifar sai an saye ta. Saboda haka aka yi rabon gado ba tare da an zauna ba. Hausa ta ɗauki aure da saki, harbi da bincike suka zauna a hannun baƙi.

Abin da ya rushe wannan rabo shi ne fassara. A farkon shekarun 2010 wasu ɗakunan ɗaukar murya a Kano, wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Algaita, suka shiga ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya, musamman na kudancin ƙasar, na harsunan Telugu da Tamil, inda mutum ɗaya ke dukan mutum hamsin ƙura tana tashi. Yaron nan mai baki na rumfar bidiyo ne ya girma ya sami makirfo. Ba fassara tsantsa yake yi ba: yana sauya wa mutane suna, yana sa musu habaici da baƙar magana irin ta tasha, har ka rantse shef bandin nan a Sabon Gari aka haife shi. Masu shirya finafinan Kano sun yi kuka cewa wannan haja ta kashe musu kasuwa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Wa zai sayi labarin kishiya alhali ga jirgin sama yana fashewa, kuma da Hausa?

A daidai wannan lokaci kaset ya riga ya ba faifai wuri, faifai kuma yana ba katin waya wuri. Yau a kasuwannin ƙauye akwai sana'ar da ba a san ta ba a zamanin kakanninmu: saurayi da kwamfuta a ƙarƙashin rumfa, da farantin hasken rana yana cajin wayoyi, yana tura fim a kati a kan ƴan daloli. Wanda ya saya ya tura wa abokinsa kyauta. Ba a bukatar Nigelec. Ko a watannin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, aka kuma rufe iyaka, fim bai daina ƙetarowa ba, don ba ya bi ta gaban ɗan duwan.

Akwai kuma wani sauyi da ya fi na na'ura nauyi, a cikin labarin kansa. Ɗauki finafinai biyu na Indiya a kan ɗan fasa-ƙwauri. A Deewaar na 1975, Amitabh Bachchan ɗan dako ne da ya yi arziki ta haramtacciyar hanya. Ƙanensa ɗan sanda ne, shi ya harbe shi, ya mutu a hannun uwarsu. A Pushpa na 2021, Allu Arjun lebura ne da ya hau ya zama uban masu satar itacen sandal. Kashin farko ya ƙare ne ranar aurensa, bayan ya tuɓe babban jami'in ƴan sanda ya wulaƙanta shi. A KGF na 2018, gwanin fim ɗin makashi ne da ake haya, fagen kuma mahaƙar zinariya ce, abin da ba baƙo ba ne ga samarin da suka je Jado bayan an gano zinariya a can a 2014. Tsohuwar dokar rumfa ta karye. Akter da shef bandi sun zama mutum ɗaya, kuma da harshen uwarka yake maka magana.

An bar jaki ana dukan taiki

Da a ce zaman lafiya ake yi, da wannan duka hirar shayi ce. To, ba haka abin yake ba. Kudancin gundumar Madawa yana iyaka da gabashin jihar Sakkwato, yankin Sabon Birni da Isa, inda ƴan bindiga suka hana noma da cin kasuwa. Tun 2019 ƴan gudun hijira ke kwararowa jihar Maraɗi, daga ƙarshen 2021 kuma suka shigo ƙaramar hukumar Bangi ta gundumar Madawa da yawa. Satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa sun ƙetaro iyaka. Ɗan kasuwar da ke bin waɗannan hanyoyi da albasa ko dabbobi ya san abin da ake nufi, haka ma malamin makarantar da aka tura ƙauyen bakin iyaka.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da hukumar tace finafinai ta jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta ba da sanarwa a watan Satumban 2021 cewa ta hana finafinan da ke nuna satar mutane, da shaye-shaye, da ƙwacen waya. A 2024 ta ƙara da masu nuna daba, bayan shirye-shirye masu dogon zango irin su A Duniya, da ake sakawa a YouTube, sun mai da ɗan daba tauraro. Niyyar mai kyau ce, kuma duk uban da ya ji ɗansa ɗan shekara goma yana kwaikwayon maganar ƴan daba a tsakar gida zai fahimce ta.

Sai dai a ganinmu an bar jaki ana dukan taiki. Bindigogin da ke dajin ba daga kaset suka fito ba. Rushewar Libiya a 2011, da rikicin makiyaya da manoma, da rashin hukuma a ƙauyuka sun isa su bayyana su. Sanannun shugabannin ƴan bindigar ma, irin su Bello Turji da Dogo Giɗe da Buharin Daji wanda aka kashe a 2018, ba wanda ya ari sunan Rambo a cikinsu. Bugu da ƙari, dokar Kano tana kama wanda ke da ofis da rajista ne kawai, wato mai shirya fim ɗin Hausa. Ba ta isa Haidarabad ba, ba ta isa rumfar mai tura fim a kasuwar ƙauyen Adar ba. Abin da ya fi muni, ba ta isa daji ba, alhali su ƴan bindigar yanzu suna ɗaukar kansu da waya, da rawani da harsasai a kafaɗa, suna baza hotunan. A kan kati ɗaya yaro zai ga Pushpa, ya ga Turji, kuma ba mai zama kusa da shi ya ce masa wannan wasa ne, wancan kuwa ya kashe mutane na gaske.

Wanda dokar ta rufe wa baki shi ne kaɗai mai iya ba da labarin ta wajenmu. Ba Ba'indiye ba ne zai nuna daren da aka buga wa iyali waya aka faɗi kuɗi, da yadda ake sayar da gona da shanun huɗa, da yawon neman taimako a masallatai, da ɗan leƙen asirin da ke cikin gari yana cin tuwo tare da mutane, da matar da ta dawo ba ta iya kallon kowa. Duk abin da fim ɗin bincike ke bukata yana nan: laifi, da ɓoyayyen maci amana, da jiran tsammani. Kuma wanda ya kalli wannan da wuya ya tashi yana sha'awar zama shef bandi.

Ba abin da ya gagara ba ne, maƙwabtanmu sun gwada. A Burkina Faso wani ɗan jarida, Boubakar Diallo, shugaban jaridar mako-mako ta Journal du Jeudi, ya ɗauki ƙaramar kyamara a 2004 ya yi Traque à Ouaga, fim ɗin ƴan sanda da ƴan fashi a titunan Wagadugu, da kuɗi kaɗan, jama'a suka yi layi don su gani. Nijar ta kafa cibiyar kula da silima ta ƙasa, CNCN, a 2008. Attajiran Madawa da Ƙonni da Tawa kuwa, waɗanda suka yi shekara talatin suna shigo da na'ura da kaset da faifai da waya, sun fi kowa sanin yawan masu kallo, tunda su suka sayar musu da abin kallon. Kuɗin tirela ɗaya ta albasa ya isa a fara.

A watan Mayun 2017 babban gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke birnin New York ya shirya nuna ayyukan Moustapha Alassane, har da labarin Jimmy da akwatinsa. A rumfunan masu tura fim na jihar da ya zauna, in ka tambayi wannan fim, da wuya ka sami wanda ya taɓa jin sunansa.